Lambar Inji, Lambar Casis, Takardu ko Awo: Wanne Za Ka Bi Don Gane Samfuri da Shekarar Tsohon Babur?

Tsofaffin babura ba su ƙare a Zariya ba. Suna nan jingine a zaurukan cikin birni, a bayan garejin kanikawa a Sabon Gari da Tudun Wada, da cikin sito a gidajen tsofaffin ma'aikata a Samaru da Kongo: Honda CD175, Roadmaster, Suzuki A100, Yamaha YB100, da Vespa ɗin nan da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi yayi, musamman bayan ƙarin albashin ma'aikata da aka fi sani da kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Wanda ya gaji irinsu, ko yake son saye, ko yake son tayar da wanda ya shekara ashirin a kwance, tambayar da ke fara tare shi ita ce: wane samfuri ne wannan, kuma na wace shekara? Mai sayarwa zai ce maka, "Ai Alhaji, tun zamanin Gowon yake." To, Gowon ya yi mulki daga 1966 zuwa 1975, kuma a cikin shekarun nan tara Honda ta sauya wa CD175 fasalin inji da ƙarfen jiki. Wanda ya tafi shagon kayan gyara da wannan amsa zai dawo da abin da ba zai ɗauru ba.

Hanyoyi huɗu ake bi: karanta lambar inji, karanta lambar casis, bin takardun babur, da duba jikinsa tare da auna kayan ciki. Yawancin mutane lambar inji suke fara nema, don ita ce aka fi ambata. Ita kuwa labarin inji kawai take bayarwa, kuma a garin da babur ke shan sauyin inji sau biyu ko uku a rayuwarsa, injin da ke ɗaure yau ba lallai ne shi ne wanda ya zo da shi daga kamfani ba.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Da farko a raba shekaru uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai shekarar da aka ƙera babur. Akwai shekarar samfuri, wadda kamfani ke sa wa zubin da ya fitar, kuma sau da yawa takan fara tun kafin sabuwar shekara ta kama, ta yadda babur ɗin da aka haɗa a watan Oktoba zai iya zama na shekara mai zuwa a kundin kamfani. Sai shekarar da aka yi masa rajista a Najeriya. Mai neman kayan gyara shekarar samfuri yake buƙata. Mai cinikin babur a matsayin kayan tarihi shekarar ƙira yake so. Jami'in da ya tsayar da kai a hanya kuwa babu ruwansa da duka biyun, abin da ke rubuce a takarda yake son gani a jikin ƙarfe.

Daga nan sai ma'aunai biyar: me hanyar ke iya tabbatarwa, nawa za ta ci, ko shaidar tana jure shekaru da tsatsa da hannun kanikawa, ko mutum zai iya yi da kansa, da kuma inda za ta iya yaudararsa.

Hanya ta farko: lambar inji

A baburan Japan ana buga ta a jikin kwanson inji na alminiyam, galibi ta hagu, kusa da sandar giya ko a saman kwanson bayan silinda. A Vespa tana kan hannun injin da ya miƙa zuwa inda yake maƙale da jiki. Kuskuren farko shi ne kwafo lambar da ba ita ba. Duk rubutun da ya tudo sama daga jikin ƙarfe, da shi aka zuba ƙarfen, lambar kaya ce ko ta ma'aunin zubi. Lambar inji a dulmiye take, bugawa aka yi, kuma yawanci a kan wani ɗan fili da aka daidaita dominta.

Wanke wurin da kananzir da tsohon burushin haƙori, a goge da tsumma. Kada a kusanci alminiyam da injin gurza ko sanfefa mai kaushi, don lambar ba ta da zurfi, shafa biyu-uku sai ta tafi har abada. A goga alli a share sama-sama, farin zai zauna cikin ramukan. A haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, don inuwa ta fito da haruffan. A ɗora farar takarda a cuɗa da fensir, sannan a ɗauki hoto. Wuraren da ido ke ruɗewa sanannu ne: 0 da D, 1 da 7, 5 da S, 8 da B da 3, 6 da G.

Haruffan farko su ne riba. Honda kan rubuta sunan samfuri ta ƙara E, wato inji: CD175E, CG125E, C70E, sai layi, sai jerin lambobi. Daga baya ta koma amfani da laƙabi, misali HA02E na Super Cub 90 ne da aka fara a 1980. Kawasaki ma haka, Z1E a inji, Z1F a casis. Suzuki kan buga sunan samfurin kai tsaye, kamar A100. Yamaha takan yi amfani da lambar samfuri, misali 351 na RD350 ne, 352 na RD250. Vespa ta fi kowa tsari: harafin ƙarshe M na inji ne, T na jiki. VBC1M injin Super 150 ne, VLB1M na Sprint 150, VLX1M na P150X, VSE1M kuma shi ake samu a P200E.

Jerin lambobin da ke biye ba shekara ba ne a rubuce. Ƙidayar injunan da aka ƙera ce, sai an kai ta kundin kayan gyara na kamfani an ga tsakanin wace lamba da wace lamba ta faɗa. A Honda lambar farko takan nuna zubi: CB750 da ya fito a 1969 ya fara daga 1000001, zubin K2 kuma ya fara daga 2000001. Amma K1 bai fara da sabuwar lamba ba, ci gaba ya yi daga inda na farko ya tsaya. Saboda haka dabarar "lambar farko ita ce zubi" tana taimako, ba ta isa hujja ba. Baburan Ingila ne kawai suka sauƙaƙa: daga 1969 Triumph da BSA suna sa haruffa biyu, na farko wata, na biyu shekara, inda C ke nufin 1969, D 1970, E 1971, G 1972. Samun irinsu a Zariya sai an tona.

Abin da ya fi yawa a nan shi ne tsohon Honda mai ɗauke da injin China. Gane shi ba wuya idan an san karatun. Lamba irin 156FMI tana cewa: silinda ɗaya, faɗinta wajen milimita 56, iska ke sanyaya shi, na babur ne, ajin 125. Harafin ƙarshe ne ke nuna girma: B na 50, D na 70, G na 100, H na 110, I na 125, J na 150. Don haka 139FMB, 147FMD, 152FMH da 162FMJ duk 'yan gida ɗaya ne. Wani lokaci akan samu haruffan kamfani a gaba, amma tsakiyar ba ta canzawa. Idan ka ga haka a jikin babur ɗin da aka ce maka na 1976 ne, an gama magana a kan injin, ko da murfin gefe na ɗauke da sunan Honda, don murfin kusoshi kaɗan ke riƙe da shi.

Kuɗin wannan hanya bai wuce na kananzir da data ba. Shaidar tana jure tsatsa tunda alminiyam ne, sai dai gurza da faɗuwa da sarƙar da ta tsinke ta fasa kwanso. Haɗarinta biyu ne. Na farko sauyin inji. Na biyu ya fi ɓoyuwa: lambar tana kan ɓari ɗaya na kwanson, kuma bakanike na iya haɗa ɓarin wani inji da kayan cikin wani. Kwanson da aka saya sabo a matsayin kayan gyara kuma ba ya zuwa da lamba, don haka fili fes babu rubutu ba koyaushe yake nufin sata ba, ko da yake dole a nemi bayani.

Hanya ta biyu: lambar casis

Ita ce sunan yanka na babur. A masu ƙarfen bututu irin CG125 da CD175 na baya-baya tana wuyan babur, inda kan yake juyawa, sai an karkatar da kan an ɗaga wayoyi. A dangin Super Cub tana gefen hagu na jiki, ƙasa da wurin zama. A Vespa sai an cire murfin gefe, tana bakin ƙarfen jiki, lambobin a tsakanin taurari biyu. A nan ƙarfe ne, ana iya sa burushin waya mai laushi. Idan fenti ya yi kauri a narkar da shi da maganin cire fenti, kada a kankare da wuƙa.

Iri biyu ce. Tsohuwar gajera ce, sunan samfuri da jerin lamba, kuma karatunta daidai yake da na inji: sai da kundi. A Vespa haruffan farko kaɗai suna rage nisa sosai. VBC1T da VLB1T sun fara ne a 1965, VNX1T da VSX1T na dangin PX da aka gabatar a 1977, VLX1T ya biyo baya a 1978. Idan fasalin na Vespa ne amma haruffan ba su bi wannan tsari ba, a yi tunanin Indiya. Bajaj ta ƙera Vespa da lasisi har zuwa 1971, ta ci gaba da Chetak da sunanta daga 1972, LML kuma ta ƙera dangin PX daga shekarun 1980. Kamar ta yi kama, amma ba kowane kaya ke shiga juna ba.

Sabuwar kuwa haruffa da lambobi 17 ce, wadda ta zama doka a kasuwar Amurka daga samfurin 1981. Uku na farko kamfani ne: JH2 Honda ta Japan, JYA Yamaha, JS1 Suzuki, JKA Kawasaki, ZAP Piaggio mai ƙera Vespa, 9C2 Honda ta Barazil, MD2 Bajaj. Duk wadda ta fara da L daga China take. Na goma shi ne shekarar samfuri: A 1980, B 1981, C 1982, haka har H 1987, sai J 1988, K 1989, L 1990, M 1991, N 1992, P 1993, R 1994, S 1995, T 1996, V 1997, W 1998, X 1999, Y 2000, daga nan 1 zuwa 9 na 2001 zuwa 2009, sai a koma A a 2010. Babu I, O da Q a cikin irin wannan lamba ko'ina, don haka abin da ka ɗauka O ne sifili ne.

A nan akwai tarko uku. Na ɗaya, gajeriyar lamba ba ta tabbatar da cewa babur ya girmi 1981, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Afirka da ta cikin Japan sun daɗe suna fitowa da tsohon tsari. Abin da ya tabbata shi ne akasin haka: mai 17 ba zai zama na zamanin Udoji ba, komai rantsuwar dillali. Na biyu, ba kowace kasuwa ce ta wajabta sa shekara a gurbi na goma ba, don haka idan harafin ya ba da shekarar da ta saɓa wa fasalin babur, kada a yi saurin gaskata shi. Na uku, haruffan shekara na kundin Suzuki daban suke: K 1973, L 1974, M 1975, A 1976, B 1977, C 1978, N 1979, T 1980. Wato A a kundin Suzuki 1976 ce, a lamba mai 17 kuma 1980 ko 2010, a Triumph 1979. Wanda ya ɗauko jadawalin wani gida ya karanta na wani zai yi kuskuren shekara huɗu ko sama da talatin yana ganin ya yi bincike.

Sai batun dacewar lambobin biyu. A yawancin Yamaha na shekarun 1970, da Triumph, lambar inji da ta casis ɗaya ce daga kamfani, don haka bambanci na nufin an sauya inji. A Honda, Suzuki da Vespa ba a sa ran su zo ɗaya. Abin dubawa shi ne sunan samfurin ya dace, kuma lambobin su faɗa zubi ɗaya a kundi. Ana yawan karya farashin Honda mai asali da cewa "lambobinsa ba su haɗu ba", alhali da sun haɗu tsaf ma shi ne abin zargi.

Game da kundi: hotunan tsofaffin kundayen kayan gyara suna samuwa a intanet, amma akasarinsu na kasuwar Turai da Amurka ne. A na Honda a nemi layin da aka yi wa alamar DK ko DM, su ne na fitarwa zuwa sauran ƙasashe, E na Ingila ne, U na Ostareliya. A kuma tuna cewa an haɗa babura a cikin ƙasar nan. An kafa kamfanin Honda na Ota a Jihar Ogun a 1979, Boulos na harkar Suzuki, Yamaco na John Holt kuma ya yi harkar Yamaha. Samfurin da aka daina sayarwa a Turai yana iya ci gaba da fitowa a nan, don haka rashin ganin lambarka a kundin Turai ba ya nufin ta jabu ce.

Kuɗi kusan babu. Rauninta tsatsa da walda: wuyan babur shi ke karɓar duka a hatsari, kuma mai walda ba ya tambayar lamba kafin ya ɗora wuta. Babban haɗarinta sake bugu. Alamominsa su ne wurin ya lotsa ya fi kewayensa santsi, sawun zarto, haruffa masu girma daban-daban, wani mai zurfi wani sama-sama, ko fenti sabo a wuyan kawai. Baburan Japan da inji ake buga musu, layin a miƙe yake. Na Ingila da hannu ake bugawa, ɗan karkace a wurinsu ba laifi ba ne. Lambar da aka gurje takan iya dawowa da sinadari, saboda ƙarfen da ke ƙarƙashin bugun ya matse, amma wannan aikin masu binciken hukuma ne. Wanda ya zuba ruwan batir a wuyan babur don gwaji ya ɓata shaida, ya kuma jawo wa kansa tambayar da ba shi da amsarta.

Hanya ta uku: takardu

Rasit ɗin saye, takardar rajista, tsofaffin lasisi da inshora. Idan suna nan, karatun minti biyar ne. Tarihin ƙasa ma yana taya karatun. Rasit da aka rubuta da fam da sule ya girmi 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki. Hatimin Jihar Arewa ta Tsakiya, tsohon sunan Jihar Kaduna, na tsakanin 1967 da 1976 ne. Takardar da aka yanka a Funtuwa da hatimin Jihar Kaduna ta faɗa tsakanin 1976 da 1987, kafin a cire Katsina.

Iyakar abin da takarda ke tabbatarwa shi ne babur bai gaza shekarun rajistarsa ta farko ba. Yana iya girmar ta nesa, musamman ɗan Beljiyam da ya gama yawo a Turai kafin ya iso. Gurbin shekarar ƙira kuwa sau da yawa abin da mai babur ya faɗa wa akawu ne aka rubuta. Ga gara, ga ɗigar damina, ga sake rajista da aka yi ta yi bayan sauyin lambobin mota na 1992, inda wajen kwafe lamba harafi ɗaya kan ɓace. A ɗauki takarda a tsuguna gaban babur a bi ta harafi-harafi. Takardar da ba ta dace da ƙarfe ba ta wani babur ce, komai tsufanta da kyawun hatiminta.

Hanya ta huɗu: duba jiki da awo

Wannan ce mai cin lokaci, kuma ita ce ba a iya yi mata ƙarya idan aka kai ga buɗe inji. A fara da waje. A gindin silinda akan zuba girman inji: 49, 72, 124, 174. CD175 na farko-farko silindarsa a kishingiɗe take zuwa gaba, jikinsa na matsattsen faranti, na baya kuma silinda a tsaye cikin ƙarfen bututu. CG125, da aka fito da shi a 1975 domin ƙasashe irin namu, sanduna ke tura bawul ɗinsa, CB125 kuma sarƙa ce ke juya kam a saman kai. Daga nesa sun yi kama, kayan kansu ba sa haɗuwa. Batir mai rami uku bolt 6 ne, mai rami shida bolt 12, kuma rubutun jikin ƙwan fitila zai ƙara tabbatarwa. A cire murfin magneto a ga kwantak ne ke ba fulogi wuta ko na'urar lantarki da ake kira CDI. Kwantak da bolt 6 na nuna tsohon zubi, amma kanikawa sun mayar da da yawa zuwa CDI, don haka a duba ko wayoyin na asali ne ko ɗaure-ɗauren salatif. A Vespa PX birkin faranti a gaba ya zo ne a 1998. Kafireta ma shaida ce: Dell'Orto SI 20/20 a PX 150, SI 24/24 a mai 200.

Lambar kaya ta Honda kashi uku ce, kuma uku na tsakiya suna nuna samfurin da aka fara yi wa kayan, misali 300 na CB750 ne. Amfaninta da iyaka, don Honda kan ɗauki kaya ɗaya ta yi ta sa shi a samfura goma. Tanki, fitila, salansa, sitika da launin fenti su ne mafi raunin shaida, su ake fara sauyawa. Lambar shekara ta jikin taya kuma shekarar taya take faɗa.

Awo shi ne ƙarshen gardama. A cire kan silinda a auna faɗin ramin da ma'aunin milimita irin na masu borin. C50 milimita 39 ne, C70 47, A100 50, CG125 56.5, Vespa Super da Sprint 150 suna da 57, PX 125 52.5, PX 150 57.8, P200 66.5. A kankare baƙin da ke saman fistin da katako ko roba a karanta abin da ke kai. STD na nufin ba a taɓa faɗaɗa silindar ba, 0.25, 0.50, 0.75 ko 1.00 kuma na nuna iya borin da aka yi. Wannan ne dalilin da ya sa ko lambar inji ta gaskiya ba ta isa a sayi fistin da ringi ba. A auna kaurin fil ɗin fistin ma, don injunan China masu faɗin silinda ɗaya da na Honda ba duka ke da fil iri ɗaya ba.

Kuɗinta ladan bakanike da sabon gaskit. A masu shan mai haɗe da baƙin mai, irin A100 da Vespa, noti huɗu ne a ɗaga kai. A CG125 ma da sauƙi. A masu sarƙar kam kamar CD175 da Super Cub sai wanda ya iya mayar da taimin, in ba haka ba bawul ya daki fistin a bugun farko. Kusoshin da suka shekara talatin ba a taɓa ba a jiƙa su da man sassauta tsatsa kwana ɗaya ko biyu, a kwance su a gicciye kaɗan-kaɗan, domin wanda ya karye a cikin alminiyam ya fi dukan binciken tsada.

Tsofaffin kanikawan da suka yi zamani da waɗannan babura suna cikin wannan hanya, kuma idonsu ya fi kundi saurin gane haɗe-haɗe. Sai dai a san tambayar da za a yi. "Baba, wannan na wace shekara ne?" za ta jawo labarin wanda ya fara hawa irinsa a unguwa. "Baba, wannan kan silindar nasa ne ko aro aka yi?" ita ke kawo amsar da za a yi aiki da ita.

| Hanya | Abin da take tabbatarwa | Kuɗi | Jure shekaru | Sauƙi | Inda take yaudara |
|---|---|---|---|---|---|
| Lambar inji | Samfurin inji, zubinsa idan da kundi | Kusan kyauta | Mai kyau, sai gurza | Kowa zai iya | Sauyin inji ko ɓarin kwanso |
| Lambar casis | Samfurin babur da shekarar samfuri | Kusan kyauta | Tsatsa da walda na cin ta | Karantawa da sauƙi, fassara sai kundi | Sake bugu, jadawalin da ba nata ba |
| Takardu | Mallaka da shekarar rajista | Kyauta idan suna nan | Mafi rauni | Mafi sauƙi | Kuskuren akawu, takardar wani babur |
| Duba jiki da awo | Ainihin abin da ke ɗaure yanzu | Lada da gaskit | Ba ta gogewa | Sai da bakanike | Kayan aro, karyewar kusa |

Wa ya kamata ya bi wacce

Mai son tayar da babur ya hau, ba ruwansa da tarihi: lambar inji ta ishe shi sayen kwantak, fulogi, faranten kuloci da gaskit. Fistin da ringi kuwa kada ya biya kuɗinsu sai an buɗe an auna. Kayan birki, wayoyin hannu, bakin ƙafa da shakazoba ta casis zai bi, don su na jiki ne, ba na inji ba. Idan injin China ne a ciki, ya kwafi lambar nan mai FM ya tafi da ita shago, ya daina ambaton Honda.

Mai saye daga hannun wanda bai sani ba: casis da takardu, a jere, kafin a yi maganar farashi. Idan wuyan ya sha walda a kan lambar, ko an ga alamar sake bugu, a bar cinikin ko da inji na kaɗawa kamar agogo. Idan inji ne kawai bai dace da takarda ba, a nemi rasit ɗin injin, a rubuta yarjejeniyar ciniki da lambobin biyu a gaban shaidu, sannan a je ofishin rajista a gyara bayanan.

Magada da ke son ƙiyasta kuɗin babur cikin kayan gado: takardun marigayi da lambar casis, sai bakanike ɗaya da ba shi da niyyar saye ya duba ko injin na asali ne. Ba sai an buɗe inji ba.

Mai son mayar da babur yadda ya fito daga kamfani, ko sayar wa masu tara tsofaffin babura, shi ne ba shi da zaɓi, duka huɗun zai bi. Casis ta ba shi zubi, inji ya faɗa cikin zubin, takarda kada ta saɓa, sannan ya bi kundi shafi-shafi yana ware na asali da na aro kafin ya kai wa mai fenti. Ya kuma gaya wa mai fentin tun farko ya rufe wurin lambobin da salatif, don fenti mai kauri kan cike su.

Wanda kuma babur ɗinsa ba takarda, lambar casis ta ruɓe, inji kuma na aro ne, awo da idon tsohon bakanike za su ba shi samfuri da tazarar 'yan shekaru, wadda ta isa gyara da hawa. Maganar sabuwar rajista sai ya fara da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu, kuma kada ya yarda kowa ya buga masa wata lamba a wuyan.